Jakadu a Jidda, Sarki a Riyad: Yadda Abdul'aziz Ya Zauna da Manyan Ƙasashe Kafin Zuwan Mai

Wanda ya san Saudiyya ta yau zai yi mamaki idan aka ce masa a 1931 gwamnatin ƙasar ta karɓi kananzir da fetur bashi daga hannun Rasha, kuma ma'aikatanta sukan yi watanni ba su ga albashi ba. Sunan Saudiyya ma sai a ranar 23 ga Satumba 1932 aka raɗa shi. Kafin nan "Masarautar Hijaz da Najad" ake cewa, ƙasa biyu da sarki ɗaya, Abdul'aziz ɗan Abdurrahman Al Sa'ud. Ba shi da kuɗi, ba shi da jirgin yaƙi ko ɗaya a teku, kuma kusan duk inda ya juya Turawan Ingila ne: Iraƙi da Jodan a arewa, Kuwait da Baharain da Ƙatar a gabas, Aden a kudu, Masar da Sudan a ƙetaren Bahar Maliya. Duk da haka ya kai 1939 ƙasarsa ba ta shiga ƙarƙashin kowa ba. Ana yawan jingina wannan ga takobi, ko ga man fetur. Takobi ya gama yawancin aikinsa tun 1925, mai kuwa bai fara kawo kuɗin kirki ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Abin da ya riƙe ƙasar a tsakani shi ne iya zama da mutane, musamman iya ajiye baƙo a nesa ba tare da an ɓata masa rai ba.

Darasin farko daga abokin gabarsa ya koya. Sharif Husaini na Makka ya yi wa Turkawa tawaye a 1916 da zinariyar Ingila, da fatan zama sarkin Larabawa baki ɗaya. Da aka gama yaƙi sai ya ga Faransa ta ɗauki Siriya, Ingila ta riƙe Iraƙi da Falasɗinu, ga kuma alkawarin da aka yi wa Yahudawa. Ya ƙi amincewa da yarjejeniyar Basai da ta rufe yaƙin duniya na farko, ya ƙi sa hannu a takardar ƙawancen da jami'in Ingila T.E. Lawrence ya kawo masa har Jidda a 1921. A wajen mutunci ba za a ce ya yi laifi ba. A wajen siyasa kuwa ya sare reshen da yake zaune a kai. Ya ƙara da naɗa kansa Halifa a Maris 1924, kwanaki kaɗan bayan Turkiyya ta soke halifanci. Da mayaƙan Ikhwan, wato dakarun ƙabilu masu tsananin riƙo da addini da ke yi wa Abdul'aziz yaƙi, suka auka wa Ɗa'ifa a Satumba na shekarar, Ingila ta ce wannan rigimar Musulmi ce kan wurarensu masu tsarki, ba ruwanta. Husaini ya sauka, ya ƙare da zaman gudun hijira a Kubrus. Ɗansa Ali ya riƙe Jidda shekara guda cikin ƙawanya, ya miƙa wuya a Disamba 1925. Abdul'aziz ya ga yadda Ingila ke sakin hannun wanda ya dogara da ita kuma yake yi mata gardama. Shi sai ya ɗauki akasin haka: kada ka dogara da ita gaba ɗaya, kada kuma ka fito fili ka yi faɗa da ita.

Da ya shiga Jidda ya gaji abin da ba shi da shi a Riyad, wato rukunin ƙananan jakadun ƙasashen waje. Me ya kawo su wannan gari mai zafi da gumi? Hajji. Kowace daular mulkin mallaka tana riƙe da miliyoyin Musulmi. Ingila na da Indiya da Malaya da Sudan da Najeriya. Holan na da Jawa da Sumatara, inda a wasu shekarun alhazan da suka fi na ko'ina yawa ke fitowa. Faransa na da Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Afirka ta Yamma, Italiya na da Libiya da Eritiriya, Tarayyar Sobiyet na da Musulmin tsakiyar Asiya. Yawancin aikin jakada a Jidda aikin alhazai ne: duba fasfo da tikitin komawa, tattara kayan wanda ya rasu a aika wa magada, sauraron ƙara kan muɗawwafi ko mai raƙuma, neman jirgin da zai kwashe waɗanda guzurinsu ya ƙare, da sa ido kan kwalara, domin jiragen da ke zuwa daga gabas sai sun tsaya an tantance lafiyarsu a tsibirin Kamaran. Akwai kuma aikin da ba a rubuta shi a ƙofar ofis: leƙen asiri. Makka ce wuri ɗaya da Bahindiye da Bajawe da Basudane za su zauna su tattauna halin da suke ciki ba Bature a kusa, wannan kuwa yana hana gwamnoni barci.

Sai dai jakadan ba zai iya zuwa ya gani da idonsa ba, tunda wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka ko Madina. Saboda haka Ingila ta ajiye mataimakin jakada Musulmi ɗan Indiya, Holan ta ajiye nata ɗan Indonesiya a Makka. Shi kuwa Baturen yana cikin ganuwar Jidda, a dogon gidan dutsen murjani mai tagogin katako, yana shan ruwan da injin tace ruwan teku, wanda mutanen gari ke kira kindasa, yake fitarwa ana sayarwa a garwar kananzir. Babu coci a garin, sai wata 'yar maƙabarta ta waɗanda ba Musulmi ba. Da yamma a ɗan zaga da mota a bayan gari, ko a shiga kwalekwale, ko a taru gidan ɗaya daga cikinsu a yi karta. Fuskokin da ka gani jiya su za ka gani gobe. Fita can cikin ƙasa sai da izinin sarki.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ofishin harkokin wajen da aka kafa a 1926 a Makka yake, inda yawancin jakadun ba za su taka ba, da zafi ya tsananta kuma ya koma Ɗa'ifa. Magana sai ta wasiƙa ko ta tarho, ko a jira jami'in ya sauko Jidda. Shi ma jami'in ba shi ne mai yanke hukunci ba. Sarki ne, yana Riyad, kusan kilomita dubu daga Jidda, ko yana wani zango a hamada. Yakan zo Hijaz lokacin hajji, ya sauko Jidda na 'yan kwanaki, ya karɓi jakadu da fara'a da dogon zance, ya koma. Zaman ya yi kama da na baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma a zaure, ana kawo masa ruwa da abinci a kan kari, amma bai taɓa ganin tsakar gida ba. Hani na addini gaskiya ne, ba sarki ya ƙirƙiro shi ba, amma ya ci moriyarsa sosai. Duk buƙatar da ba ta yi masa ba sai ta ɓata wata uku a hanya. Duk amsar da ta jawo fushi sai a ce wakili ne bai fahimci nufin sarki ba. Ofisoshin jakadancin ba su bar Jidda zuwa Riyad ba sai a shekarun 1980.

Su wane ne waɗannan wakilai? Kusan dukansu baƙi ne. Abdullahi Damluji, likita daga Mosul, shi ya fara riƙe ofishin. Fu'ad Hamza ɗan Lebanon ya gaje shi. Yusuf Yasin ɗan Siriya ne daga Lazikiyya, ya fara da shirya jaridar gwamnati Ummul Ƙura kafin ya zama na hannun daman sarki a harkar siyasa. Hafiz Wahba Bamisre ne, aka tura shi Landan a 1930. Khalid Alƙarƙani daga Libiya ya zo. Mutane ne da suka san harsunan Turai da dabarun rubuta yarjejeniya, da yawansu kuma mulkin mallaka ne ya raba su da gida, don haka ba su da saurin yarda da Bature. Wani amfaninsu a wajen sarki shi ne ba su da ƙabila a Najad da za su jingina da ita, ƙarfinsu duk daga gare shi yake. A samansu ya ɗora ɗansa Faisal, wanda ya tura Landan tun yana yaro a 1919, ya kuma ba shi ma'aikatar harkokin waje da aka kafa a 1930, ma'aikata ta farko a ƙasar. Sai Philby, tsohon jami'in Ingila da ya bar aiki ya zauna Jidda yana dillancin motocin Ford, ya musulunta a 1930. An cika kambama rawar da ya taka. Sarki yana jin daɗin gardamarsa a majalisa, yana kuma amfani da shi wajen aika saƙon da ba ya so ya fito daga bakin gwamnati, amma ba Philby ke tuƙa motar ba.

Ƙasar da ta fara amincewa da sabon sarkin Hijaz ita ce wadda ba a zata ba: Tarayyar Sobiyet, a ranar 16 ga Fabrairu 1926. Wakilinta Karim Hakimov Batatare ne Musulmi, mai jin Larabci, yana shiga Makka yadda ya so, abin da takwaransa na Ingila ba zai iya ba. Ingila da Faransa da Holan suka biyo baya cikin makonni. Amma takardar da ta fi kowace nauyi ita ce Yarjejeniyar Jidda ta 20 ga Mayu 1927, wadda wakilin Ingila Gilbert Clayton da Yarima Faisal suka sa wa hannu. Ta shafe ta Darin ta 1915, wadda ta hana Abdul'aziz hulɗa da wata ƙasa ba da sanin Ingila ba. Yanzu Ingila ta yarda da cikakken 'yancinsa. Shi kuma ya ɗauki alkawarin sauƙaƙa wa talakawan Ingila Musulmi aikin hajji, da zaman lafiya da shehunan Kuwait da Baharain da Ƙatar da gaɓar Oman, da taimakawa wajen hana cinikin bayi. Aƙaba da Ma'an, waɗanda yake gani yankin Hijaz ne Ingila ta haɗa da Jodan, bai yafe su ba, bai kuma yi yaƙi a kansu ba. Aka bar maganar a rataye. Wannan salon zai maimaita shi sau da yawa.

A nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye. Cikin "talakawan Ingila Musulmi" har da mutanen Kano da Sakkwato da Barno. Kaɗan ne ke zuwa irin zuwan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi hajji a 1921 ta jirgin ruwa. Yawancin takari da ƙafa suke tafiya, ta Chadi zuwa Sudan, su yi shekaru suna ƙwadago a gonakin audugar Jazira kafin su tara kuɗin tsallaka teku daga Sawakin. Masu gudun kuɗin fasfo da na killace lafiya sukan zarce Masawa ta Eritiriya, su hau ƙananan jiragen iska su sauka a kudancin gaɓar Hijaz ba takarda. A nan ne masu satar mutane ke samun dama, musamman kan yara. Ingila ta dage a 1927 cewa jakadanta zai ci gaba da 'yanta duk bawan da ya gudo ya shiga ofishinsa. Bawa zai faɗo gidan jakada, a rubuta labarinsa, daga ina aka kamo shi, wa ya saye shi, a ajiye shi a ciki har jirgi ya zo, a raka shi bakin ruwa a tsallaka da shi Sudan. Cikin shekara goma waɗanda suka bi wannan hanya sun haura 200, da 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu. Ga gwamnatin Abdul'aziz wannan ƙaya ce a ƙafa, domin ma'anarsa akwai gida a Jidda da hukuncin sarki ba ya shiga. Sai a 1936 Ingila ta saki wannan haƙƙi bayan sarki ya fitar da dokar taƙaita cinikin bayi. A wajen 'yancin ƙasa nasara ce. A wajen bayin kuwa an toshe ƙofa ce, tunda ba a haramta bauta a ƙasar ba sai a 1962.

Jarrabawa mafi tsanani daga cikin gida ta zo. Ikhwan da suka ci masa Hijaz ba su san wani abu wai shi iyaka ba. A taron Uƙair na 1922 wakilin Ingila Percy Cox ya ja layi tsakanin Najad da Iraƙi da Kuwait, aka kuma yarda ba za a gina ganuwar soja a rijiyoyin kan iyaka ba. Da Iraƙi ta fara gina ofishin 'yan sanda a Busayya, mutanen Faisal Addawish, ɗaya daga cikin shugabannin Ikhwan, suka far masa a Nuwamba 1927, jiragen saman Ingila suka mayar da martani. Sarki ya shiga halin gaba kura baya sayaki. Idan ya bi Ikhwan, yaƙi da Ingila ne, kuma ya san ƙarshensa. Idan ya hana su, za su ce ya sayar da addini ga kafirai, dama suna ƙorafi kan mota da wayar tangaraho. Ya ja lokaci fiye da shekara, yana yi wa Ingila ƙorafi kan ofishin Busayya da kakkausan harshe, yana tara malamai da shugabannin ƙabilu a bayansa, sannan ya murƙushe 'yan tawayen a Sabila a ƙarshen Maris 1929. Addawish ya gudu ya miƙa kansa ga Turawa a Kuwait a Janairu 1930, su kuma suka miƙa shi ga sarki. Wata guda bayan haka Abdul'aziz ya gana da Sarki Faisal na Iraƙi, ɗan Sharif Husainin da ya kora, a kan jirgin yaƙin Ingila mai suna Lupin a tekun Fasha, wurin da ba ƙasar ɗayansu ba. Ba su zama aminai ba, amma daga nan aka kama hanyar yarjejeniyar 1931 da ƙawancen 1936.

Da Masar abin ya fi daɗewa. A hajjin 1926 Ikhwan suka yi arangama a Mina da sojojin da ke rakiyar Mahmal, wato raƙumin ado da ke tahowa da ayarin rigar Ka'aba daga Alƙahira da busa da kaɗe-kaɗe, abin da suke gani bidi'a ce. Sojojin suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Masar ta daina aiko da rigar, sarki ya buɗe masaƙarta a Makka. Sarki Fu'ad na Masar, wanda shi ma yana da kwaɗayin halifanci, ya ƙi amincewa da gwamnatin har ya rasu a Afrilu 1936. Ba a yi mako biyu da rasuwarsa ba aka sa hannu a yarjejeniya.

Sai talauci ya zo. Kuɗin shigar ƙasar kusan duk daga alhazai yake. A ƙarshen shekarun 1920 masu zuwa ta teku sukan haura 100,000 a shekara. Da karyewar tattalin arzikin duniya ta rusa farashin roba da sukari da auduga, manomin Jawa da na Indiya ya fasa tafiya, adadin ya faɗo zuwa wajen 20,000 a 1933. A wannan yanayi ne aka karɓi kananzirin Rasha, Yarima Faisal ya zaga Turai har Mosko a 1932 yana neman rance, ya dawo ba wani abin a zo a gani. A wannan yanayi ne kuma kamfanin Standard Oil na Kalifoniya ya aiko Lloyd Hamilton Jidda. Kamfanin man Iraƙi, wanda Ingila ke da ƙarfi a ciki, shi ma ya aiko wakili, amma bai yarda akwai man kirki a wurin ba, ya yi tayi kaɗan. Amurkawa suka yarda su ba da fam 35,000 na zinariya a karon farko, ministan kuɗi Abdullahi Sulaiman ya sa hannu a ranar 29 ga Mayu 1933. An sha cewa sarki ya zaɓi Amurka ne don tana nesa kuma ba ta da mulkin mallaka a yankin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma babban dalili shi ne su suka fi biya, kuma baitulmali babu komai. Gwamnatin Amurka kanta ba ta damu ba. Ta amince da ƙasar a 1931, amma ba ta ga dalilin ajiye ko ƙaramin jakada a Jidda ba, tunda ba ta da alhazai masu yawa.

Yaƙin Yaman na 1934 ya nuna iyakar da sarki ya shata wa kansa. Rundunar Faisal ta bi gaɓar teku ta kama Hudaida cikin 'yan makonni. Nan da nan jiragen yaƙin Ingila da Italiya da Faransa suka bayyana a bakin tashar. Italiya tana da yarjejeniya da Imam Yahaya, mai mulkin Yaman, tun 1926, tana kuma kallon Yaman daga Eritiriya. Abdul'aziz ya tsayar da yaƙin yana kan nasara, ya janye daga Hudaida, ya riƙe Asir da Jizan da Najran a Yarjejeniyar Ɗa'ifa ta Mayu 1934. Da wasu Yamanawa uku suka kai masa hari da wuƙa yana ɗawafi a 1935, bai mai da abin dalilin sabon yaƙi ba.

Daga nan zuwa 1939 wasan ya zama na nuna wa Ingila cewa akwai wasu masu neman zumunci. Ya karɓi kyautar jiragen sama daga Italiya, ta kuma horar masa da matuƙa, amma ya ƙi ɗaukar ɓangare a yaƙinta da Habasha. Kan iyakar kudu maso gabas, Ingila ta fito da wani tsohon layi da ta shata da Turkawa a 1913, Fu'ad Hamza ya fito da nasa a 1935, jakadan Ingila Andrew Ryan ya tafi har Riyad da wani tayin, ba a daidaita ba, aka bar rigimar da za ta fashe a Buraimi bayan shekaru. Kan Falasɗinu ya yi magana mai zafi a asirce, ya shiga cikin sarakunan Larabawa da suka roƙi a janye yajin aikin Falasɗinawa na 1936, ya tura Faisal taron Landan na 1939, amma bai taɓa barin maganar ta raba shi da Ingila ba. Masu sukarsa a nan suke kafa hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Ƙofar Rasha kuwa Stalin ne ya rufe ta da kansa: ya kira Hakimov gida a 1937, aka harbe shi a farkon 1938, aka rufe ofishin Jidda, hulɗa ba ta dawo ba sai a 1990.

Jamus ce ta ƙarshe. Jakadanta a Bagadaza, Fritz Grobba, ya zo Jidda a farkon 1939, Khalid Alƙarƙani kuma ya gana da Hitler a watan Yuni kan maganar bindigogi. Yaƙi ya ɓarke kafin a kawo ko ɗaya. Sarki ya ce shi ba ya ɓangaren kowa, amma ya san shinkafa da hatsin da ƙasarsa ke ci ta tekun da jiragen Ingila ke tsaro suke zuwa, kuma da alhazai suka sake ɗaukewa, tallafin Ingila ne ya cike giɓin. Rijiya ta bakwai a Dammam ta riga ta ba da mai tun 3 ga Maris 1938, jirgin dakon mai na farko ya tashi daga Ras Tanura a Mayu 1939. Duk da haka jakadan Amurka na farko, Bert Fish, a Alƙahira yake zaune. Ya zo Jidda a Fabrairu 1940 ya miƙa takardunsa ya koma, kuma ba a buɗe ofishin jakadancin Amurka a garin ba sai a 1942.